Bayan An Naɗe Tabarma: Ɗalibin Da Aka Yi Wa Rasuwa Da Makarantarsa

Ba a barin wanda aka yi wa rasuwa shi kaɗai a ƙasar Hausa. Kafin a dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta sun aiko da kwanukan abinci, dangin nesa sun kamo hanya. Kwana uku ana zaman makoki, wasu gidajen har bakwai, mai shiga na shiga mai fita na fita: ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa can ta fi nan. Tsari ne da ya daɗe yana riƙe mutane, kuma ban ga abin da zai maye gurbinsa ba. Sai dai a lura da waɗanda ake yi wa gaisuwar. A waje 'yan'uwan mamaci ne da abokansa, a cikin gida matansa da mahaifiyarsa. Ɗansa mai shekara 12 kuwa, shi ake aike sayen ruwan leda, shi ke kwashe kwanuka, shi ke kai buta. In wani dattijo ya tuna da shi, sai ya dafa kansa ya ce, "To, kai ne babba yanzu, sai ka riƙe ƙannenka." Da an yi sadakar uku ko ta bakwai, baƙi sun watse, sai a ce ya ɗauki jakarsa ya koma makaranta.

A makarantar kuwa abin yake fitowa. Can yaro ke wuni, in ta kwana ce kuma wata uku cur yana can. A gida kowa na fama da nasa rashin. A makaranta ne ake da manyan da mutuwar ba ta taɓa ba, masu sararin da za su dubi yaron su gan shi. Shi ya sa maganar makoki ta shafi malamin ba da shawara, wanda ɗalibai ke kira malamin gaidans, ko da yake a yawancin makarantunmu ba a taɓa haɗa shi da wannan aiki ba.

Inda manya suka fi kuskure shi ne yadda yaro ke ɗaukar mutuwa. A 1948 wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar ƙasar Hungary, Maria Nagy, ta wallafa binciken da ta yi a kan yara 378 a Budapest. Ta ga waɗanda ba su kai shekara 5 ba suna ɗaukar mutuwa barci ce ko tafiya, abin da ake dawowa. Sai yaro ya doshi shekara 9 yake gane ba a dawowa, kuma kowa zai tafi. Waɗanda suka zo bayanta sun rage shekarun, sun nuna yara da dama na ganewa tun suna 6 ko 7, amma tushen maganarta na nan. Don haka abin da muke faɗa wa ƙanana saboda tausayi, wai Baba ya yi tafiya, ko Mama tana asibiti, azaba yake zama. Yaron zai jira. In ya gaji da leƙen ƙofa sai ya fara tambayar kansa laifin me ya yi aka tafi aka bar shi. Ranar da wani ɗan layinsu ya gaya masa gaskiya cikin faɗa, ya rasa uba sau biyu ke nan, ya kuma koyi cewa manyansa na iya yi masa ƙarya a kan abu mafi girma.

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan bai cika aiki a kan yara ba. Zai yi kuka da safe, da yamma ka gan shi a filin ƙwallo yana ihu, sai a ce ai yara ba su san mutuwa ba, har ya manta. Bai manta ba, abin ne ba ya ɗaukuwa a dunƙule, sai dai a shiga a fita. Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht sun bayyana a 1999 cewa haka mai makoki yake: yana kai-kawo tsakanin fuskantar rashin da kawar da kai don rayuwa ta ci gaba, kuma wannan kai-kawon lafiya ne. Matakai biyar ɗin nan na baƙin ciki na Elisabeth Kübler-Ross da suka yi suna, a kan marasa lafiyar da ajalinsu ya kusa ta rubuta su a 1969, ba a kan waɗanda aka bari ba. Malamin da ya haddace su ya zauna jiran yaro ya bi su ɗaya bayan ɗaya, zai daɗe yana jira.

A aji abin ba ya zuwa da sunansa. Da makara yake zuwa, domin mai tashin yaron da asuba ita ce ta rasu. Da gyangyaɗi yake zuwa, domin da dare barci ya ƙi. Ciwon kai, ciwon cikin da gwaji ba ya nuna komai, littafi a buɗe hankali na wani wuri. Yarinya mai surutu ta yi tsit, yaro mai sanyin hali ya fara dambe a kan abin da bai kai ya kawo ba, saurayi ya fara haɗiyar ƙwaya don ya samu ya runtsa. Malamin da bai san abin da ya faru ba, lalaci ko taurin kai zai kira wannan duka, maganin da ya sani kuma bulala ce da tsallen kwaɗo. Sau da yawa kuma da gaske bai sani ɗin ba. Ajin da ya cika ya batse, rajista ba ta da gurbin dalili, "bai zo ba" kawai ake sawa. Yaro ya ɓace mako guda ya dawo, tambayar farko ita ce ina ya shiga.

Shi malamin gaidans fa, ina yake? Tarihin aikinsa ya ɗan bayyana dalilin da ba a ganinsa a nan. Ana danganta farkonsa a Najeriya da 1959, lokacin da sistocin cocin Katolika a kwalejin St. Theresa ta Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa 'yan matan da za su kammala bayanin sana'o'i. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta sa shi a tsarin makarantu, tsarin 6-3-3-4 na shekarun 1980 ya ƙara masa nauyi, tunda ana bukatar mai raba yara: kai kimiyya, ke kasuwanci, kai koyon sana'a. Har yau in ka tambayi ɗalibi aikinsa, zai ce shi ke taya mutum zaɓen darussa da cike fom ɗin JAMB, ko wurinsa ake tura wanda aka kama da sigari. A makarantu da yawa mai digirin fannin yana nan, amma an danƙa masa darasin Turanci a azuzuwa barkatai, ofishinsa kuma kujera ce a ɗakin malamai, inda duk abin da yaro ya faɗa kunne goma ke ji. Ƙungiyar malaman shawara ta Amurka na cewa a samu ɗaya ga kowane ɗalibai 250, kuma Amurkan kanta ba ta kai ga haka ba a lissafin ƙasa baki ɗaya, balle mu. A 2022 an sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta tsara aikin masu ba da shawara a Najeriya. Doka dai tana tantance wanda ya cancanta, ba ta gina masa ɗaki mai ƙofa.

To a ce yana nan, ga ɗaki, ga lokaci. Mafi yawan abin da zai yi ba aikin likita ba ne, domin yawancin yaran da aka yi wa rasuwa lafiyarsu ƙalau, rashi kawai suka yi. Farkon aikin sani ne: labarin rasuwar ya riga yaron isa makaranta, ta bakin fom masta ko monita ko maƙwabcinsa. Makaranta ta je gaisuwa kamar yadda take zuwa in malami aka yi wa rashi, in an je kuma a nemi yaron da sunansa a yi masa tasa gaisuwar. Ranar da ya dawo a ja shi gefe, ba a asambili ba, a tambaye shi: kana so a gaya wa 'yan ajinku, ko a bar shi tsakaninmu? Wasu suna so a sani don a daina tambayarsu. Wasu kuma ba abin da suke tsoro kamar a fara binsu da "Allah sarki, maraya", domin makaranta ce kaɗai wurin da ya rage musu yadda yake da. Saura ƙananan abubuwa ne: a sanar da malaman da ke shiga ajin, a ɗaga masa ƙafa a kan aikin gida na ɗan lokaci, a ba shi izinin fita in abin ya taso masa ana tsakiyar darasi. Malamin da ya saba ba da insha'i a kan "mahaifina" ya san wa ke zaune a gabansa.

Makarantar kwana tana da nata ciwon daban. Duk wanda ya yi ta ya san yadda ake yi: a aiko kawu ko yaya, a kira ɗalibi daga aji, a ce ana nemanka a gida, Baba ne ba ya jin daɗi. Yaron ya hau mota yana addu'a, sai ya shawo kwanar layinsu ya hango jama'a a ƙofar gida. Tunda ba a jinkirta jana'iza, galibi an riga an kai. Wani kuma ba za a gaya masa ba sam sai ya gama jarrabawa, don kada hankalinsa ya tashi. Ya dawo hutu ya tarar har an yi arba'in. Niyyar tausayi ce, na sani, kuma ba na cewa a jefa wa yaro labari a ƙofar ɗakin jarrabawa. Amma jinkirin sa'o'i daban, ɓoyon makonni daban. Wanda aka ɓoye wa an hana shi zama cikin 'yan'uwansa lokacin da kowa ke kuka tare, sai ya zo ya yi nasa shi kaɗai bayan kowa ya share hawaye, kuma akwai waɗanda har girmansu abin na ransu. A nan malamin shawara zai iya shiga tsakani. Ya kira iyalin, ya shawo kansu a faɗa wa yaron gaskiya, a zaune, a keɓe, da bakin wanda ya saba da shi, hawus masta ne ko metiron, da maganar da ba ta da harshen damo: "Allah ya yi wa Baba rasuwa." Sannan a haɗa shi da babba ya raka shi gida, kada a sa shi a motar haya shi kaɗai.

In aka tambaye ni inda malamin nan zai fi amfani a ƙasarmu, zan ce bayan wata biyu ko uku, lokacin da kowa ya ɗauka an wuce wurin. William Worden da Phyllis Silverman sun bi yara 125 daga iyalai 70 a yankin Boston na Amurka har shekara biyu bayan rasuwar uwa ko uba. Sun ga a wurin yara da dama matsalar ba ta bayyana sai a shekara ta biyu, kuma abin da ya fi nuna yadda yaro zai kasance shi ne halin da wanda ya rage a cikin iyayen yake ciki. To a dubi gidan Bahaushe. Uwa ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, in sana'arta ta fita ce ta tsaya. An raba gado, wataƙila an sayar da gidan. An rarraba yara riƙo, wannan gidan kawu a Zariya, wancan gidan gwaggo a ƙauye. Uwar ta fita takaba ta koma gidansu ko ta yi wani auren, yaron ya zama agola ko a bar shi wurin dangin uba. In uwa ce ta rasu, yarinya 'yar aji biyu ta wayi gari ita ce mai girki da wanki da raino. Cikin shekara ɗaya yaro ya rasa uba, ya rasa ɗakinsu, ya rasa ƙannensa da abokan layinsu. Na ƙarshe da ke suɓuce masa makaranta ce: babu mai biyan kuɗin WAEC ko NECO, namijin ya koma kasuwa, macen a ce gara a aurar da ita a huta.

Mutuwa ba wanda ya isa ya hana ta, amma wannan asarar da ke bin bayanta mutane ne ke yanke ta a zaune, a zaure ko a falo, kuma ana iya sa baki. Malamin da ya san aikinsa zai taka har gida. Zai zauna da kawun da riƙo ya faɗa hannunsa ya ce, "Alhaji, yaron nan saura masa shekara ɗaya, don Allah a bar shi ya ƙarasa inda ya saba." Zai san wace ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ke biya wa marayu kuɗin jarrabawa, wane kwamitin masallaci ko coci, ina hukumar zakka. In dole sai an kai yaron wani gari, zai rubuta wa sabuwar makarantar takarda. A littattafan Turai da Amurka wannan ɓangaren ɗan kaɗan ne, domin can rasuwar uba ba ta cika fitar da yaro daga aji ba. A nan shi ne rabin aikin.

Akwai masu ganin duk wannan ƙirƙirar Bature ce: mun yarda da ƙaddara, haƙuri ya ishe mu. Imani na riƙe mutum, ba musu, kuma malamin shawarar da ya raina shi ya yar da abu mafi ƙarfi a hannun yaron. Matsalar ita ce yadda muke koya wa yara haƙurin: kada ka yi kuka, namiji ba ya kuka, kukanka azaba ne gare shi. Alhali malamai sun raba hawaye da kururuwa da yaga tufafi. Ingantattun hadisai sun nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma tsaya ya tambayi ƙanen Anas ɗan Malik, yaro ƙarami, labarin tsuntsunsa da ya mutu. Yaron da ke tambaya ko laifinsa ne, don ya ƙi aiken Baba ranar nan, sau da yawa amsar da za ta kwantar masa da hankali a bakin malamin addini take, ko fasto in Kirista ne. Addu'a ga mamaci da sadaka da ziyarar kabari kuwa, irin alaƙar nan ce da wanda ya tafi da masanan Yamma suka daɗe suna ɗauka rashin warkewa ce, sai a shekarun 1990 suka dawo suka yarda ba aibu ba ce.

Duk wannan maganar ɗalibi ɗaya ce a aji. Yankinmu ya ga abin da ya fi haka. Ranar 25 ga Fabrairu 2014 aka kashe ɗalibai maza 59 a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi. Ranar 10 ga Nuwamba na shekarar wani sanye da kayan makaranta ya tayar da bam a asambili a Potiskum, fiye da mutum 40 suka mutu. A Nuwamban 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Maraɗi ta kashe ƙananan yara fiye da 20, ƙarshen watan kuma jirgin ruwa ya kife a Bagwai da 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. A irin wannan aji guda ne ke makoki, har da malamai. Baƙin ciki kuma ya cakuɗe da firgici: yaron da ya gani da idonsa, da ya tuna abokinsa abin da ya faru ranar ne ke faɗo masa, sai ya guji tunawar gaba ɗaya, makokin ya tsaya cak. Abin da aka saba yi a da a ƙasashe da yawa, a tara waɗanda suka tsira a sa kowa ya ba da labarin abin da ya gani dalla-dalla, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bari, domin bincike bai nuna yana kare mutum ba, wani sa'in ma ƙara ciwon yake. Jagorar agajin farko na kwantar da hankali da ta fitar a 2011 ko malamin aji zai iya koyonta: a duba wa ke cikin hali, a saurara in yana son magana ba tilas, a haɗa shi da iyalinsa da abin da yake bukata. A Maiduguri, makarantar Future Prowess da Barista Zannah Mustapha ya kafa a 2007 ta zaunar da marayun ɓangarorin biyu na rikicin Boko Haram a aji ɗaya, tana ciyar da su, tana kuma tallafa wa iyayensu mata, domin ta gane ba a raba lafiyar maraya da ta uwarsa.

Malamin shawara kuma ya san iyakarsa. Akwai yaron da wata shida suka wuce, shekara ta zagayo, yana nan kamar jiya aka yi: ba ci, ba barci, ya janye daga kowa. Tun 2022 kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa dogon baƙin ciki irin wannan cikin lalurorin da ke bukatar magani, da sharaɗin ya zarce abin da al'adar mutanen ta saba. In kuwa yaro ya fara cewa gara ya bi Mamansa, ba a jiran wata shida, a ranar ake sanar da iyali ko da ya roƙi a rufa masa asiri. Shi ya sa tun farko ake gaya wa ɗalibi sirrinsa a rufe yake, sai fa abin da zai cutar da shi. Asibitocin ƙwaƙwalwa suna nan, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, sai dai ambaton sunansu kaɗai na sa iyali su ce ɗansu ba mahaukaci ba ne. Shawo kan kawu ya kai yaro ganin likita, ko da a babban asibitin gari ne, aikin lallashi ne da zarya.

Wa zai yi duk wannan a inda babu malamin gaidans ko ɗaya, wato yawancin firamarenmu da Islamiyyu, da tsangayun da almajiri kan ji rasuwar mahaifiyarsa a bakin ɗan garinsu da ya zo cin rani? Jiran a ɗauki dubban ƙwararru ba zai kai mu ko'ina ba nan kusa. Waɗanda ke hannu su ne fom masta da hedimasta da metiron da alaramma, mutanen da suka riga suka san yaran da gidajensu. Jihar da ke da ƙwararre ɗaya a ƙaramar hukuma za ta fi cin moriyarsa in ta sauke masa darussa, ta sa shi zagayawa yana horar da waɗannan, yana karɓar yaran da abin ya fi ƙarfinsu. Shugaban makaranta kuwa ba sai ya jira ma'aikatar ilimi ba, gobe da safe zai iya buɗe littafi ɗaya: sunan ɗalibi, wanda ya rasu, ranar, wanda ke riƙonsa yanzu da lambar wayarsa. Farkon kowane zango a buɗe a ga wa ya dawo, wanda bai dawo ba a kira a ji dalili.